Me Ya Sa Baƙin Sararin Samaniya Ke Sauka a Mashaya da Gona a Finafinan Birtaniya?

Daga watan Afrilun 2025 masu shirya ƙananan finafinai a Birtaniya suka fara karɓar wani sabon rangwamen haraji, wanda gwamnati ta sanar a kasafin kuɗin watan Maris na 2024. Hakan ya taso da tsohuwar muhawara: wane fim ne ɗan Birtaniya, kuma wane iri ne ya cancanci a tallafa masa da kuɗin jama'a? Babu rukunin da ya fi fito da wannan ruɗani fili kamar finafinan barkwanci da ke nuna halittu daga wata duniya sun sauko doron ƙasa. A cikinsu akwai wanda aka ɗauka a hamadar Amurka, akwai wanda aka ɗauka a gaɓar tekun Ailan, akwai wanda daga farko har ƙarshe ba a furta kalma ɗaya mai ma'ana ba, amma duk ana lissafa su a matsayin na Birtaniya.

Iyakar rukunin da sharaɗin zama ɗan ƙasa

Almarar kimiyya labari ne na ƙirƙira da ke jingina da kimiyya, ko da abin da ake hasashen kimiyya za ta iya kaiwa gare shi: kumbo, mutum-mutumi, rayuwa a wasu duniyoyi. Ta sha bamban da labarin aljanu da tsafi, domin ko da abin da ke cikinta bai taɓa faruwa ba, ana ba shi dalili irin na masu bincike. Wanda ya kalli finafinan Indiya irin su Koi... Mil Gaya na 2003 ko PK na 2014 ya riga ya san tsarin: baƙo ya iso daga sama, zuwansa ya tona asirin mutanen da ya tarar. Baƙon yakan zo a ɗaya daga siffofi biyu, ko dai mai mugun nufi da ya zo mamaya, ko ɓatacce mai neman hanyar gida.

Batun zama fim ɗin Birtaniya kuwa doka ce ke yanke shi. Tun 2007 akwai gwajin al'ada da fim zai ci kafin ya samu rangwamen haraji, kuma a yau Cibiyar Finafinai ta Birtaniya, BFI, ke gudanar da shi. Maki 35 ne, ana buƙatar 18. Ana ba da maki kan wurin da labarin ya faru, da asalin mutanen cikin labarin, da harshen da aka yi magana da shi, da inda aka yi aikin ɗauka da tacewa, da kuma ƙasar ma'aikatan. Yin magana da Ingilishi kaɗai na iya kawo maki 6. Ban da gwajin, sai an kashe aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kuɗin aikin a cikin ƙasar. Akwai kuma hanya ta biyu, wato fim ya zama haɗin gwiwa da wata ƙasa ƙarƙashin yarjejeniya.

Wannan ne ya sa sakamakon kan ba mai kallo mamaki. Fim ɗin Gravity, wanda ɗan Meziko Alfonso Cuarón ya ba da umarni, manyan jarumansa biyu kuma Amurkawa, shi ya lashe kyautar BAFTA, babbar lambar yabon finafinai ta ƙasar, a rukunin fitaccen fim ɗin Birtaniya a 2014, saboda a ɗakunan ɗaukar fim na Shepperton, kusa da Landan, aka ɗauke shi, wani kamfani na Landan kuma ya yi siddabarun kwamfutar. A namu rukunin, Paul na 2011 labarin wasu Ingilishawa biyu ne da suka tsinci baƙo a hanyarsu ta yawon buɗe ido a Amurka. Daraktansa Greg Mottola Ba'amurke ne, an ɗauki mafi yawansa a jihar New Mexico, amma Simon Pegg da Nick Frost suka rubuta kuma suka fito a ciki, kamfanin Working Title na Landan ya shirya. Masu kallo na ɗaukarsa na Birtaniya ne saboda idon da aka kalli Amurka da shi.

Daga Woking aka faro

Kafin dariya, tsoro ne ya fara zuwa. A 1898 H. G. Wells ya fitar da littafinsa The War of the Worlds, inda mutanen duniyar Mars suka sauka a wani fili kusa da Woking, ƙaramin gari a gundumar Surrey inda shi kansa ya zauna. A lokacin Birtaniya na kan ganiyar mulkin mallaka, kuma Wells bai ɓoye manufarsa ba. A babin farko ya tunatar da mai karatu yadda Turawa suka ƙarar da mutanen tsibirin Tasmaniya, ya nuna cewa wanda ya yi haka ba shi da bakin kuka idan wanda ya fi shi makami ya yi masa irinta. A ƙarshen labarin ba sojan Ingila ne ya ci baƙin da yaƙi ba, ƙwayoyin cuta ne suka kashe su.

Abubuwa biyu suka wanzu daga nan har yau: baƙo na sauka a wurin da ba kowa ya san shi ba, kuma hukuma ba ta iya yin komai. Shirin Quatermass na talabijin ɗin BBC a 1953, da fim ɗin Village of the Damned na 1960 da aka ɗauko daga littafin John Wyndham, da shirin talabijin na Doctor Who da ya fara a Nuwamban 1963, duk sun bi wannan sawu. Masu barkwanci da suka zo daga baya sun tashi ne suna kallon waɗannan, sai suka ga ai tsakanin abin tsoro da abin dariya a nan tazarar kaɗan ce. Idan duniya za ta tashi a ƙauyen da babban abin da ke damun mutanensa shi ne lokacin shan shayi, to rabin barkwancin ya riga ya samu.

Wanda ya kafa salon sosai shi ne Douglas Adams, da shirinsa na rediyo The Hitchhiker's Guide to the Galaxy a 1978, wanda ya zama littafi a 1979, sannan fim a 2005, shekara huɗu bayan mutuwarsa. Labarin ya buɗe da wani bawan Allah, Arthur Dent, kwance a gaban katafila, domin ƙaramar hukuma za ta rushe gidansa ta fitar da hanya. An ce masa ai an kafe sanarwa tuntuni. A littafin, inda ya samo sanarwar shi ne ƙasan wata kabad a kulle, cikin wani banɗaki da aka daina amfani da shi, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa marar fitila, ƙofar kuma ɗauke da gargaɗin a yi hattara da damisa. Jim kaɗan sai ga jiragen wasu halittu da ake kira Vogon sun rufe sama, suna sanar da cewa za a rushe duniya baki ɗaya don fitar da babbar hanyar sararin samaniya, kuma an kafe takardun shekara 50 a ofishin da ke wani tauraro, duk wanda bai je ya duba ba matsalarsa ce. Su Vogon ba ƙiyayya ce ta kawo su ba. Ma'aikatan ofis ne masu bin ƙa'ida, kuma a fim ɗin sai da jaruman suka bi layi suka cike fom kafin a sako musu abokiyar tafiyarsu.

Rawar da ƙarancin kuɗi ya taka

Ba tarihi da ɗabi'a kaɗai suka haifar da wannan salo ba, aljihu ma ya sa hannu. Independence Day na Amurka a 1996 ya ci kimanin dala miliyan 75, aka tarwatsa fadar White House a ciki, shugaban ƙasa da kansa ya hau jirgin yaƙi. Mai shirya fim a Landan ba ya samun irin wannan kuɗi sai ya miƙa wuya ga kamfanonin Hollywood. Abin da ya rage masa shi ne ya taƙaita fagen: unguwa ɗaya, dare ɗaya, mutane kaɗan, baƙon kuma a nuna shi a duhu ko a ba shi siffar mutum.

Gaskiya ne Amurka ma na da nata na barkwanci, irin su Mars Attacks! na 1996 da Men in Black na 1997, amma a can har yanzu fadar shugaban ƙasa da hukumomin sirri ne ke tsakiyar labarin. A na Birtaniya, jami'in gwamnati ko dai bai zo ba, ko ya zo a makare, ko ya zo ya kama wanda bai kamata ba.

Ƙanƙanta fage ba ya tabbatar da nasara. Morons from Outer Space na 1985, inda baƙin suka zamo dolaye da mutane suka mayar taurari, bai yi armashi ba. Haka Absolutely Anything na 2015, duk da muryoyin 'yan ƙungiyar barkwanci ta Monty Python da na Robin Williams, ya sha suka daga masu sharhi.

Daren wasan wuta a kudancin Landan

Fim ɗin da ya fi jawo gardama a wannan rukuni shi ne Attack the Block na Joe Cornish, wanda ya fito a watan Mayun 2011. Labarin ya faru a daren 5 ga Nuwamba, daren da Ingilishawa ke wasan wuta da tartsatsi, don haka babu wanda ya lura da abubuwan da ke faɗowa daga sama. An buɗe da wasu samari biyar, fuska a rufe, sun tare wata ma'aikaciyar jinya mai suna Sam a hanyarta ta komawa gida, suka ƙwace mata waya da jaka da zobe. Waɗannan samarin, mazauna wani dogon benen gidajen ƙaramar hukuma, su ne jaruman fim ɗin. Jagoransu shi ne Moses, wanda John Boyega ya fito a matsayinsa, ɗan wasan da aka haifa a Landan a 1992, iyayensa 'yan Najeriya, kuma wannan ne fim ɗinsa na farko.

An kashe kusan fam miliyan 8. Halittun kuwa mutane ne sanye da rigar gashi baƙi ƙirin, aka ƙara duhunsu da kwamfuta har ba a ganin komai sai haƙora masu ƙyalli. Makaman yaran sandar ƙwallo, adda, kekuna da tartsatsin wasa. Sun ƙi kiran 'yan sanda saboda sun tabbata su za a kama, kuma haka aka yi a ƙarshe. Akwai wurin da Moses ke zargin cewa wataƙila gwamnati ce ta turo halittun, kamar yadda yake ganin an turo ƙwaya da bindiga unguwarsu. Akwai kuma wurin da Sam ta shiga gidansu, ta ga shimfiɗar gado irin ta yara, ta tambaya ko yana da ƙane. Babu ƙane. Shekarunsa 15, yana zaune da kawun da ba ya cika kwana a gida.

Masu suka sun ce fim ɗin ya nemi mai kallo ya tafa wa 'yan fashi. A ganinsu wanda aka taɓa tarewa da wuƙa ba zai ga abin dariya ba, kuma talauci ba hujja ba ce, tunda dubban yara a irin waɗannan gidaje ba sa tare kowa. Masu kare shi sun ce fim ɗin bai wanke yaran ba: Sam ba ta yafe da wuri ba, kuma labarin ya nuna Moses ne ya jawo masifar da kansa lokacin da ya kashe halitta ta farko don nuna bajinta, abokansa suka mutu a sanadin haka. Cornish ya sha faɗa cewa shi ma an taɓa tare shi, abin da ya tsaya masa a rai shi ne ƙuruciyar yaran da tsoron da ke fuskarsu. Wata uku bayan fitowar fim ɗin, a Agustan 2011, tarzoma ta ɓarke a Landan da wasu birane bayan 'yan sanda sun harbe wani mutum mai suna Mark Duggan a unguwar Tottenham, sai kowane ɓangare ya ga hujjarsa a abin da ya faru.

A sinima fim ɗin bai mayar da kuɗinsa ba. A Amurka an nuna shi a wurare ƙalilan, har aka ruwaito masu rarrabawa na tunanin sa rubutu a ƙasa saboda karin harshen yaran kudancin Landan. Daga baya ne ya yi suna a faifai da intanet. Boyega ya samu shiga Star Wars a 2015, Jodie Whittaker da ta fito a Sam ta zama mace ta farko da ta fito a matsayin babbar jarumar shirin Doctor Who. Rukunin gidajen Heygate, ɗaya daga wuraren da aka yi ɗaukar, an gama rushe shi a 2014 aka gina masu tsada a wurin.

Mashaya 12 da tunkiya ɗaya

The World's End na Edgar Wright, 2013, ya ɗauki wani ɓangaren al'umma dabam. Wasu abokai biyar da suka doshi shekara 40 sun koma garinsu don ƙarasa zagayen mashaya 12 da suka kasa kammalawa a 1990. Sun tarar da komai ya zama iri ɗaya, mashaya ta farko da ta biyu ba a bambance su, sannan suka gano an musanya yawancin mutanen garin da kwafi masu shuɗin jini. Baƙin da suka yi haka sun ce gyara suka zo yi, su wayar da ɗan Adam ya dace da sauran duniyoyi. Jagoran abokan, mashayi wanda rayuwarsa ta lalace, ya yi musu gardama har suka gaji suka tafi, tafiyar tasu kuma ta ruguza duk wata na'ura a duniya.

A Ingila mashaya ita ce dandalin unguwa, kuma alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasar sun nuna sama da 11,000 sun rufe tsakanin 2008 da 2018, kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka wasu na karanta fim ɗin a matsayin kukan ƙananan garuruwa da manyan kamfanoni suka shafe musu kamanni. Bayan ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a 2016, wasu masu sharhi suka sake duba shi suka ga wani abu: mutum ya zaɓi 'yancin yin kuskure, ya kori mai ba shi tsari, kowa ya kwana a ciki. Fim ɗin ya riga ƙuri'ar da shekara uku, kuma bai fito ƙarara ya ce wa ke da gaskiya ba, shi ya sa kowane ɓangare ke iya jan sa gefensa.

Grabbers na 2012, haɗin gwiwar Birtaniya da Ailan, ya tafi da batun giya har ƙurya: halittun ba sa jure jinin wanda ya bugu, sai mutanen tsibirin suka kulle kansu a mashaya. A ɗaya ƙarshen kuma akwai Farmageddon na 2019, fim ɗin tunkiyar nan Shaun daga kamfanin Aardman na Bristol, wanda ake yi da 'yan tsana ana motsa su kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto. Baƙuwar ƙaramar yarinya ce da ta ɓata, manomin kuma da ya ga 'yan kallo sun cika gari sai ya buɗe wurin shaƙatawa na bogi don ya tara kuɗin injin girbi. Wannan ma yana da tushe: a 1991 wasu dattawa biyu, Doug Bower da Dave Chorley, suka amsa cewa su ne suka yi shekaru suna zana da'irori a gonakin alkama na kudancin Ingila da katako da igiya, abin da mutane da dama suka ɗauka aikin baƙi ne.

Abin da sabon rangwamen ya canza

Tun Janairun 2024 babban rangwamen finafinai kashi 34 ne cikin ɗari, na zane da 'yan tsana kashi 39. Sabon na ƙananan finafinai kashi 53 ne, ana lissafa shi kan kuɗin aiki har fam miliyan 15, ga fim ɗin da kuɗin aikinsa bai wuce fam miliyan 23.5 ba, da sharaɗin marubuci ko darakta ɗan ƙasa ne ko mazauninta, ko kuma fim ɗin haɗin gwiwa ne a hukumance. Lambar 53 ɗin ce ke ruɗa mutane. Ba a lissafa ta kan dukkan kuɗin, iyakarta kashi 80 na abin da aka kashe, sannan ana cire haraji daga rangwamen kansa. Fim ɗin fam miliyan 8 da aka yi gaba ɗaya a Birtaniya zai samu kusan miliyan 2.5, maimakon kusan miliyan 1.6 a babban tsarin.

Masu goyon baya sun ce finafinai masu matsakaicin kasafi, irin su Attack the Block, su ne suka fi shiga matsi, domin manyan ayyukan Amurka da ke cika ɗakunan ɗaukar fim na Pinewood da Leavesden sun tsadar da ma'aikata da wuraren ɗauka. Masu shakka na cewa rangwame kuɗin jama'a ne da za a iya kai wa asibiti ko makaranta, kuma yana biyan fim mai kyau da marar kyau daidai wa daida. Akwai kuma masu cewa tallafin kai tsaye daga kuɗin cacar ƙasa, irin wanda Majalisar Finafinai ta Birtaniya ta bai wa fim ɗin Cornish kafin a rufe ta a 2011, ya fi iya zaɓo sabon darakta da ba wanda ya san shi.

Ga ma'aikata, wato masu ɗinka rigunan halittu, masu haske, direbobi, da yaran da ake ɗauko daga makarantu da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwa, ƙarin ƙananan finafinai na nufin ƙarin ƙofar shiga. Ga iyaye kuwa, kalmar barkwanci ba ta nufin fim ɗin yara. Hukumar tace finafinai ta Birtaniya ta sa wa Attack the Block da The World's End da Paul alamar 15, wato ƙasa da wannan shekaru ba a shiga sinima, saboda ashar, jini, ƙwaya ko giya. Paul na ɗauke da ba'a ga wata mai tsananin riƙo da addinin Kirista kan batun halitta, abin da ya ɓata wa wasu masu addini rai. Farmageddon ne aka ba alamar kowa da kowa, kuma da yake babu magana a cikinsa, ba ya buƙatar fassara.

Abin da rangwamen bai taɓa ba shi ne kuɗin talla da rarrabawa, domin ba sa cikin abin da ake lissafawa. A nan ne Attack the Block ya yi tuntuɓe, ba a wajen ɗauka ba. Farmageddon, duk da ya kai ga shiga takarar Oscar, a Amurka bai bi ta sinima ba, Netflix ne ya saye shi ya saka a 2020. An sanar a 2021, shekara 10 bayan na farko, cewa Cornish da Boyega za su yi ci gaban labarin Moses, kuma a wannan karon sunan jarumin ne babban jarin da za a nemi masu zuba kuɗi da shi.